Waiwaye: Sankarar bayan hanci da zancen jinin ƙabila

Muhawarar da ake yi a Sakkwato kan sankarar bayan hanci tana yawan komawa wuri guda: me ya sa mutanen Sin ke warkewa, namu kuwa suna tafiya? Wasu sun riga sun yanke hukunci, wai jikin baƙar fata ne ba ya karɓar magani.

Farkon labarin sananne ne. Cutar ta fi kamari a kudancin Sin, musamman Guangdong da Hong Kong, sai Kudu maso Gabashin Asiya da Arewacin Afirka. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr, ba a jima ba aka danganta ta da wannan sankara. Likita John Ho na Hong Kong kuma ya zargi kifin gishiri da ake ba yara tun suna ƙanana.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a 1978, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba cutar gida uku bisa kamannin tsiron a madubin likita. Sai ta bayyana ashe cututtuka daban-daban ake ta kira da suna ɗaya. Akwai mai taurin kai, wanda ba ya jin gashi sosai (wato ƙona tsiron da hasken inji a asibiti), kuma ya fi yawa cikin Turawan Amurka idan aka kwatanta da mutanen Asiya. Akwai mai alaƙa da Epstein-Barr, wanda ya haɗa sauran gida biyun, mai saurin bazuwa zuwa wuya, amma injin gashi na cin sa. Shi ne ya mamaye Sinawa. Don haka da alƙaluman Amurka suka nuna 'yan asalin Sin sun fi Turawa da baƙar fata tsawon rai bayan magani, wani ɓangare na tazarar daga irin tsiron ne.

Nan ne abin ya shafe mu. Rahotannin asibitocin Najeriya sun nuna irin da ke jin magani shi ya fi yawa a wurinmu. Ina ganin wannan kaɗai ya isa ya sa mu sake duba zancen jini.

Dubi yadda majinyaci ke isowa. Haɓo ya fara, a ce zafin bazara ne. Kunne ɗaya ya toshe, a ɗiga mai. Ƙululu ya fito a wuya, ba ciwo, a kai wa wanzami ya yi sakiya, ko a sha maganin tarin fuka wata da watanni. Kafin a yanki nama a auna, ido ya fara gani bibbiyu. Ga kuɗin gashi da na kemo (magungunan kashe sankara), ga na mota daga ƙauye.

A 2017 aka wallafa binciken Hong Kong da aka gwada jinin maza sama da 20,000 marasa alamar ciwo don neman alamar Epstein-Barr. An samu 34 da sankarar, kashi 71 cikin ɗari a matakin farko ko na biyu. Can baya, a gari guda cikin mutane guda, kusan kashi 20 kawai ake kamawa da wuri haka.