Me Ke Hana Tawada Kwanciya? Tambayoyi Kan Ƙaro Da Polima

Gardin da ke dama tawadar allo a ƙauyukan Gaya da mai shagon buga takardu a Gumel matsalarsu ɗaya ce: yadda baƙin gari zai zauna cikin ruwa ba tare da ya dunƙule ko ya koma ƙasan kurtu ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Ashe launin tawada ba narkewa yake yi a ruwa ba?

Ya danganta da tawadar. Akwai ta rini, wadda launinta ke narkewa kamar gishiri, amma rana kan kashe ta da wuri, ruwa kuma ya wanke ta. Akwai ta garin launi, kamar baƙin tukunya ko niƙaƙƙen gawayi, wanda ko shekara zai yi a ruwa ba zai narke ba. Yawo kawai ƙwayoyinsa suke yi a ciki. Ita ce mai ƙarko, ita ce kuma mai wahalar sha'ani.

To me ke sa ƙwayoyin su dunƙule?

Ƙananan ƙwayoyi ba sa tsayawa wuri ɗaya, kullum cikin karo suke da juna, kuma akwai wani ƙarfin ja tsakaninsu da ke aiki idan sun matso kusa sosai. Baƙin hayaƙi kuma ba ya son ruwa, ya fi son ɗan'uwansa. Da biyu sun manne sun zama ɗaya mai nauyi. Masanin lissafi George Stokes na Jami'ar Kambirij ya nuna a 1851 cewa idan faɗin ƙwaya ya ninka biyu, saurin nutsewarta kan ninka huɗu, idan ya ninka goma sai ya ninka ɗari. Shi ya sa ake niƙa garin tawadar firinta cikin injin da ke ɗauke da ƙananan duwatsun zirkoniya har ƙwayar ta dawo wajen nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. Ramukan kan firinta ba su kai kaurin silin gashi ba, ƙullutu kaɗan ya isa ya toshe su.

Mene ne aikin polima a nan?

Nan ne zuciyar maganar. Polima doguwar sarƙa ce ta sinadari, kuma wadda ake sa wa tawadar ruwa fuska biyu gare ta. Wani sashe nata yana gudun ruwa, sai ya lafe a jikin ƙwayar launi ya riƙe gam. Ɗaya sashen yana son ruwa, sai ya miƙe a cikinsa ya kewaye ƙwayar. Idan ƙwayoyi biyu suka nufo juna, waɗannan sarƙoƙin ne za su fara haɗuwa, su ƙi matsuwa, su mayar da kowa baya.

Akwai kariya ta biyu. Yawancin polimomin masana'anta na dangin sitairin da akirilik ne, ana zuba musu amoniya ko makamancinta, sai sashen da ke cikin ruwa ya ɗauki cajin lantarki. Duk ƙwayoyin caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, don haka ture juna suke yi. Masana kimiyya Derjaguin da Landau a Rasha a 1941, da Verwey da Overbeek a Holand a 1948, su ne suka tsara lissafin wannan ja da turin.

Ƙaron da malamai ke sa wa tawada fa?

Polima ce ta asali, kuma abin takaici ne yadda muke raina ta. Ƙaron dakwara da ake tsinta a Jigawa da Yobe da Borno yana da ɗan furotin kaɗan a jikinsa, wajen kashi 2 cikin 100, shi ne ke kama ƙwayar baƙin, yayin da rassan sukarinsa ke bazuwa cikin ruwa. Har yau masu yin fentin zane na ruwa a Turai da ƙaro suke yi.

Ku kula da hannun wanda ya iya. Ba ya zuba gari cikin ruwa mai yawa. Yakan jiƙa ƙaron ya tace, ya kwaɓa garin da shi da kauri, ya yi ta murzawa har ya yi sulɓi yana ƙyalli, sannan ya riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Murzar ce ke raba ƙwayoyin, ƙaron kuma ya rufe kowace kafin ta koma wa 'yar'uwarta. Tsarin da masana'anta ke bi ke nan.

Idan na ƙara ƙaro ko polima da yawa, ba zai fi ba?

A'a. Idan ya yi kaɗan, sarƙa ɗaya kan kama ƙwayoyi biyu ta ɗaure su, ka ga an samu akasin abin da ake so. Idan ya yi yawa, ragowar da ba ta sami wurin kamawa ba kan matsa ƙwayoyin su taru, tawadar ta yi kauri, ta yi kumfa. A allo za ka ga rubutun yana ƙyalli yana tsagewa bayan ya bushe.

Tawadata lafiya lau take, na ƙara ruwan rijiya sai ta yi gudaji. Me ya faru?

Ruwan ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam, su kuwa kashe cajin da ke raba ƙwayoyin suke yi. Tsami ma haka. Tawadar akirilik ta fi zama daidai a pH (ma'aunin tsami) 8 zuwa 9, wato ɓangaren da ba na tsami ba, kuma idan aka bar kwalba a buɗe amoniya ta fice, ko aka zuba wani abu mai tsami, sai ta tsinke kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Tawadar allo takan jure ruwan sama mai tsabta. Ta firinta kuwa kada a ƙara mata ruwa ko kaɗan, kuma kada a zuba ta gari a kan ta rini, ko ta wani kamfani a kan ta wani, domin sinadaransu ba lallai su jitu ba.

Wadda ta kwanta, a zubar?

A girgiza a gani. Idan ta koma sumul, kwanciya ce kawai. Farar tawadar buga riguna ta fi kowace yin haka saboda garinta na titaniyam ya fi ruwa nauyi wajen sau huɗu, dole a riƙa motsa ta kullum. Amma idan ka ɗiga a gilashi ka shafa ka ga tsaki-tsaki, ta riga ta dunƙule, girgiza ba za ta gyara ta ba, kada ta shiga firinta.

Zafin bazara yana ɓata ta?

Sosai. Masana'antu ma da zafi suke gwada ƙarkon tawada, su ajiye ta makonni a digiri 50 zuwa 60 su ga ko ƙwayoyin sun girma. Shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kusan wannan gwajin ne. A ajiye kwalba a inuwa, a ƙasa, a rufe ta da kyau. Tawadar ƙaro kuma takan yi fumfuna ta yi wari idan ta daɗe a jiƙe, don haka a dama wadda za a iya ƙarar da ita cikin 'yan kwanaki, sauran a bar shi a bushe.