Jelin lemu na gida: tambayoyi da amsoshi

Jelin lemu abin zaƙi ne mai sanyi da ake ci bayan abinci, kuma kayan haɗinsa ba su wuce huɗu ba: ruwan lemu, sukari, ruwa, da abin da zai sa shi ya daskare. Yawancin jelin da ke lalacewa a hannun mutane, awo ne ko zafin wuta ke lalata shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Me ke sa ruwan lemu ya kama jiki har a ci shi da cokali?

Jalatin ne. Ana samo shi daga fata da ƙasusuwan dabbobi, kuma duk wanda ya taɓa ganin romon ƙashi ya huce ya yi kauri yana rawa a kwano, ya riga ya ga aikinsa. A cikin ruwan zafi yana narkewa ya bazu, idan ruwan ya yi sanyi sai zarurrukansa su sarƙe su riƙe ruwan a tsakaninsu. Yana sake narkewa a wajen digiri 35 na ma'aunin Salsiyas, wato ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum, shi ya sa jeli yake narkewa a baki.

Akwai na gari, akwai na falle-falle masu kama da leda. Ana yin sa daga alade ko shanu ko kifi, don haka wanda ba ya cin alade sai ya duba jikin kwalin kafin ya saya. Wanda kuma ba ya son na dabba gaba ɗaya, akwai aga-aga, wanda ake yi daga ciyawar teku. Bayaninsa na nan tafe.

Mene ne awon?

Don rabin lita, wanda zai cika ƙananan kofuna huɗu, ana bukatar ruwan lemun zaƙi mililita 450, ruwan sanyi mililita 50, sukari babban cokali 3 zuwa 4, ruwan lemun tsami babban cokali 1, sai garin jalatin. Idan a cikin kofi za a ci, giram 7 ya isa, wato cokalin shayi biyu da ɗan ƙari, kuma jelin zai yi laushi. Idan ana son a kife shi a faranti ya tsaya da kansa, ko a yanka shi, sai a sa giram 10, kimanin babban cokali ɗaya a shafe.

Lemun zaƙi matsakaici yana ba da ruwa mililita 60 zuwa 80, saboda haka a tanadi guda shida zuwa takwas. A auna ruwan bayan an tace, kada a dogara da ƙidayar lemu, domin wani lemun ruwa gare shi, wani kuwa duk tsoka ne. Wancan cokali ɗaya na lemun tsami yana da muhimmanci: ruwan lemun zaƙi shi kaɗai idan ya yi sanyi yakan yi lami, ɗan tsamin ne ke farfaɗo da ɗanɗanonsa.

Yaya ake haɗawa, daga farko zuwa ƙarshe?

A fara da jiƙa jalatin. A zuba ruwan sanyin nan mililita 50 a ƙaramin kwano, a barbaɗa garin a kai a hankali yadda kowace ƙwaya za ta taɓa ruwa, a bar shi minti 5 zuwa 10. Zai shanye ruwan ya kumbura ya zama dunƙule mai taushi. Kada a juye garin a wuri ɗaya, kada kuma a zuba shi kai tsaye cikin ruwan zafi. Idan aka yi haka bayansa ne zai jiƙe ya rufe, cikinsa ya zauna a bushe, a samu gudaji waɗanda juyawa ba ta fasa su.

Yayin da yake jiƙa, a matse lemun a tace da rariya mai laushi. A ɗebi kamar mililita 150 daga ciki a zuba a ƙaramar tukunya tare da sukarin, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har sukarin ya narke. Da tururi ya fara tashi, tun kafin ya tafasa, a sauke. A saka jiƙaƙƙen jalatin a juya minti ɗaya ko biyu. A ɗaga cokalin a duba bayansa a haske: idan akwai ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi a manne, bai gama narkewa ba, a ci gaba da juyawa.

Daga nan sai a zuba sauran ruwan lemun, tare da cokalin nan na lemun tsami, kaɗan-kaɗan cikin tukunyar ana juyawa. Wannan sauran ruwan kada ya kasance mai sanyin firij, domin sanyi na sa jalatin ya daskare nan take ya yi zare-zare. A ɗanɗana. Ya kamata zaƙin ya ɗan fi yadda ake so, saboda abu mai sanyi zaƙinsa yana raguwa a harshe. A sake tacewa, a zuba a kofuna, a kwashe kumfar da ta taso da cokali, a bar shi ya huce, sannan a rufe a sa a firij awa huɗu zuwa shida. Wanda ya kwana ya fi tsayawa.

Tukunyar ta zama ta bakin ƙarfe mara tsatsa ko mai rufin tangaran. Tsamin lemu yana cin alminiyam, sai a ji ɗanɗanon ƙarfe a cikin jelin.

Me ya sa ba a dafa ruwan lemun duka?

Dalili biyu ne. Ƙamshin ɗanyen lemu yana gudu da zafi, ruwan da ya tafasa kuma yana ɗaukar wani ɗanɗano na dafaffen abu da ba ya komawa. Na biyu, jalatin ba ya bukatar tafasa, zafin digiri 50 zuwa 60 ya ishe shi narkewa. Tafasa shi, musamman a cikin ruwa mai tsami, yana tsinka zarurrukansa ya rage masa ƙarfi. Kashi ɗaya cikin uku kawai ake ɗumamawa, sauran ya shiga da ɗanyensa.

Na bi komai amma ya ƙi daskarewa. Ina matsalar take?

Da farko a duba lokaci. Jelin da ya yi awa biyu a firij bai ƙi daskarewa ba, bai kai ba ne, kuma babban kwano ya fi ƙananan kofuna jinkiri. Idan ya kwana yana nan ruwa, to ɗaya daga cikin waɗannan ne: jalatin bai kai awo ba, ko an tafasa shi, ko bai narke duka ba ya kwanta a gindin tukunya, ko tsami ya yi yawa, ko firij ɗin ba ya sanyi yadda ya kamata, wato wajen digiri 4.

Akwai kuma wani dalili da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu 'ya'yan itatuwa suna ɗauke da sinadaran da ke narkar da furotin, jalatin kuwa furotin ne. Ɗanyar abarba, gwanda, kiwi, ɓaure da ɗanyar citta duk suna cikinsu. 'Yan yanka kaɗan na ɗanyar abarba sun isa su hana kwano guda kamawa, ko nawa aka zuba jalatin. Zafi yana kashe waɗannan sinadarai, don haka abarbar gwangwani ba ta da wannan matsala, kuma mai son ƙamshin citta sai ya tafasa ta cikin ruwa da sukari na minti biyar, ya tace, ya yi amfani da ruwan. Lemu kansa ba shi da irin wannan sinadari.

Jelin da bai kama ba yana gyaruwa, muddin ba ɗanyar abarba ko 'yan uwanta ne sanadi ba. A mai da shi tukunya, a ɗumama a hankali har ya zama ruwa, a jiƙa ƙarin jalatin giram 3 a ruwan sanyi babban cokali ɗaya, a narkar a ciki, a mayar firij.

Za a iya yi da lemun tsami zalla?

Ba a yi da zallarsa, ba zai ciwu ba, kuma da ƙyar zai daskare. Lemun tsami ya fi lemun zaƙi tsami nesa ba kusa ba, jalatin kuwa yana raunana idan tsami ya yi yawa. A yi mililita 100 na ruwan lemun tsami da mililita 400 na ruwa, sukari giram 90 zuwa 100, jalatin giram 11 ko 12. A narkar da sukari da jalatin a cikin ruwan, a zuba lemun tsamin daga ƙarshe bayan an sauke.

Tanjarin yana tafiya da awon lemun zaƙi, sai dai a rage sukari, kuma launinsa ya fi kyau. Garehul yana bukatar ƙarin sukari saboda ɗacinsa. Mai shan maganin hawan jini ko na rage kitse a jini ya tambayi likita kafin ya ci abin da aka yi da garehul, domin yana canza yadda jiki ke sarrafa wasu daga cikin waɗannan magunguna.

Daga ina ɗaci yake zuwa?

Daga farin ɓawon ciki da 'ya'yan lemun. Matsa da ƙarfi har a kai ga farin, ko markaɗa lemu da 'ya'yansa a injin markaɗe, shi ne babban abin da ke jawo shi. A matsa da sauƙi, a bar ɗigon ƙarshe. Akwai kuma ɗacin da ke bayyana daga baya: wani sinadari mai suna limonin yana samuwa a ruwan lemu bayan an matse an ajiye, kuma ya fi yawa a lemun nan mai cibiya wanda ba shi da 'ya'ya. Ruwan zai yi daɗi lokacin matsawa, bayan 'yan awoyi ya yi ɗaci. Tun da jeli yana daɗewa a firij, irin wannan lemu bai fi dacewa da shi ba.

Ƙamshin lemu na ainihi yana cikin man da ke saman ɓawo. A wanke lemu ɗaya sosai, a goge saman ɓawon kawai ba tare da taɓa farin ba, a zuba cikin ruwan da ake ɗumamawa, a bar shi minti biyar, a tace. A ganinmu wannan ɗan aikin shi ne ya fi komai bambanta jelin gida da na kwali.

Yaya ake yi da aga-aga?

Kusan komai nasa akasin jalatin ne. Dole ya tafasa kafin ya narke, kuma yana daskarewa tun yana da ɗumi, wajen digiri 35 zuwa 40, ko ba firij. Da zarar ya daskare ba ya sake narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, don haka shi ya fi dacewa idan jelin zai daɗe a kan tebur. Ɗanyar abarba ma ba ta yi masa komai, tun da shi ba furotin ba ne.

Ga rabin lita, garin aga-aga giram 3 yana ba da jeli mai taushi, giram 4 zuwa 5 mai tauri da za a yanka. A kaɗa garin cikin ruwan sanyi mililita 150 tare da sukari, a ɗora a wuta, a bar shi ya tafasa minti biyu ana juyawa. A sauke, a zuba ruwan lemu mililita 350 wanda aka ɗan ɗumama, a juya da sauri, a zuba a mazubi ba tare da ɓata lokaci ba. Kada a tafasa shi tare da lemun, domin tsami da zafi idan suka haɗu suna karya ƙarfinsa. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya zai kama. Sai dai a san cewa ba ya rawa, ba ya narkewa a baki, ɓarewa yake yi idan an tauna. Mai son laushi zai fi jin daɗin jalatin.

Ina son saka yankan lemu a ciki, amma duk sai su taru wuri ɗaya.

An saka su da wuri ne. A sa ruwan jelin a firij kamar minti 45 zuwa awa ɗaya, ana dubawa, har ya yi kaurin ɗanyen farin ƙwai. A lokacin ne ake zuba yankan a juya sau ɗaya, sai su tsaya inda suke. A ɓare fatar da ke jikin kowane yanka, a cire 'ya'yan, a tsane ruwan jikinsu da tsumma mai tsabta.

Haka ma idan ana son hawa-hawa masu launi daban: na ƙasa ya kama amma samansa na ɗan mannewa a yatsa, na sama kuma ya huce sosai kafin a zuba, in ba haka ba zai narkar da na ƙasan. Hawa na madara a haɗa shi daban da nasa jalatin, kada madara ta gauraya da ruwan lemu, tsinkewa za ta yi.

Yaya ake kife shi ba tare da ya fashe ba?

A kurkure mazubin da ruwan sanyi kafin a zuba jelin. Lokacin fitarwa, a ɗan janye gefen da yatsa mai lema don iska ta shiga, a tsoma gindin mazubin a ruwan ɗumi daƙiƙa 5 zuwa 10, a rufe da faranti mai ɗan lema, a kife, a girgiza sau ɗaya. Lemar farantin tana ba da damar matsar da jelin tsakiya idan ya faɗi a gefe. Wanda ba ya son wannan wahala zai iya raba lemu biyu, ya kwashe cikin, ya zuba jelin a ɓawon, idan ya daskare ya yanka kamar yankan lemu.

Kwana nawa yake yi, kuma za a iya sa shi a firiza don ya yi sauri?

A rufe cikin firij yana yin kwana uku. Rufewar dole ce, domin jeli yana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da shi, samansa kuma yana bushewa ya yi fata. Na jalatin kada ya wuce awa ɗaya a waje idan ana zafi.

Firiza kuwa, minti 15 zuwa 20 don a rage masa ɗumi ba laifi, daga nan a mayar da shi firij. Idan aka bari ya yi ƙanƙara, ƙanƙarar tana yayyaga sarƙar da ke riƙe da ruwan, da ya narke sai ya tsattsage ya zubar da ruwa. Hanyar da ta fi ita ce a dasa kwanon cikin ruwan ƙanƙara ana juyawa a hankali har ya fara kauri, sannan a raba a ƙananan kofuna marasa zurfi, waɗanda sukan kama cikin awa biyu zuwa uku.