Dokar kiranyen mota da jif ɗin da ka saya daga Kwatano

Yawancin manyan jif-jif ɗin da ke yawo tsakanin PZ da Samaru a Zariya, irin su Lexus, daga Amurka aka shigo da su bayan wani ya gama morarsu. A can kuwa akwai doka tun 1966 da ta ɗora wa kamfani alhakin duk wani lahani da zai iya jawo haɗari. Hukumar kula da lafiyar motoci da kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ce ke sa ido. Da zarar kamfani ya tabbatar da lahanin, kwana biyar na aiki gare shi ya sanar da hukumar, sannan cikin kwana 60 ya rubuta wa masu motocin. Gyaran kyauta ne, muddin motar ba ta haura shekara 15 da sayarwar farko ba a lokacin da aka sanar da lahanin. Wannan shi ne kiranye.

Matsalar ita ce wasiƙar adireshin Amurka take zuwa. Ba ta san hanyar Zariya ba.

Ɗauki Lexus GX 460. A 2010 an yi mata kiranye saboda bayanta na iya zamewa a kwana mai tsanani kafin na'urar daidaita tafiya ta kama, har ta kai ga kifewa. Daga baya ta shiga sahun motocin da ke ɗauke da jakar iska (airbag) ta kamfanin Takata. Wannan ce ta fi tayar mini da hankali. Zafi da laima suna lalata sinadarin da ke hura jakar, ranar da aka yi karo sai ta fashe ta watso gutsattsarin ƙarfe a fuskar wanda ke zaune a gaba. Ka tuna zafin Afrilu a garin nan, ka tuna damina. Kuma fitilar gargaɗi ba ta kunnuwa, bakanike ma ba zai gani da ido ba.

Abin yi ba wuya. Leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka ga lambar shasi, haruffa da lambobi guda 17. Rubuta ta a shafin NHTSA na intanet, nan take zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi ba. Ka yi wannan kafin ka biya dillali, ko da ya rantse maka cewa motar garau take.

Dokar Amurka ba ta tilasta wa kowa gyara maka kyauta a Najeriya, don haka sai ka tuntuɓi wakilin kamfanin da lambar a hannu. Idan sabuwa ka saya a gida, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ka damar kai ƙorafi FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye.