Takunkumi da ƙarancin kaya a masana'antar makamai da layin dogo na Rasha tun 2022

Tun daga ranar 24 ga Fabrairu 2022, lokacin da Rasha ta ƙaddamar da mamaya a kan Yukren, Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya da Japan da wasu ƙawayensu suka hana sayar mata da kayan fasaha da injuna da kayan gyara iri-iri. Manufar ita ce a karya lagon masana'antar makamanta. Masana'antun sun ci gaba da aiki, wasu ma ba dare ba rana, sai dai kayan da suke buƙata sun ƙara tsada, suna jinkirin zuwa, kuma ingancin wasu ya ragu. Kaso mai yawa na wahalar ya sauka ne a kan layin dogo, wanda shi ke ɗaukar makaman da kuma kayan da ake sayarwa a samu kuɗin ƙera su.

Alaƙar makamai da layin dogo

Sojan Rasha sojan jirgin ƙasa ne. Faɗin ƙasar ya sa tankoki da igwa da harsasai da mai duk a tarago suke tafiya zuwa kusa da fagen daga, sannan motoci su karɓa. Har runduna ta musamman gare su mai aikin shimfiɗa layi da gyaran gadoji. Kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, RZD, yana kula da layin da ya haura kilomita 85,000, mai faɗin milimita 1,520, daidai da na Yukren, gadon zamanin Tarayyar Sobiyet.

Ana ganin wannan alaƙa ƙuru-ƙuru a birnin Nizhni Tagil da ke yankin tsaunukan Ural. A can ne masana'antar Uralvagonzavod take, wadda ma'anar sunanta ita ce masana'antar tarago ta Ural. An buɗe ta a 1936 domin ƙera taragun kaya, kuma har yau tana ƙera su, amma ita ce kuma ke fitar da tankokin T-72 da T-90M. Ƙarfe ɗaya, masu walda ɗaya, injuna iri ɗaya. In aka ba tanka fifiko, tarago ne zai jira. Tana ƙarƙashin takunkumin Amurka da Turai tun 2014, bayan ƙwace Kirimiya.

Matsalar boris

Abin da ya fara nuna raunin layin dogon ƙaramin abu ne: boris ɗin da ƙafar tarago ke juyawa a kansa. Kowane makaniki ya san in boris ya ci, taya ba ta tafiya. Sababbin taragun Rasha, masu ɗaukar tan 25 a kan kowane ƙarfen ƙafa maimakon tan 23.5 na tsofaffi, suna amfani da wani boris rufaffe da ake zuba masa giris a like shi tun daga masana'anta, ya yi dubban ɗaruruwan kilomita ba a buɗe shi ba. Irin waɗannan taragu ne aka fi ɗora wa kwal zuwa tashoshin ruwa.

Kafin 2022, masana'antu uku ne ke haɗa shi a cikin Rasha, kuma dukansu da hannun baƙi: SKF na Suwidin a Tver, sai Timken da Brenco na Amurka da ke aiki da abokan hulɗa na gida. A 2022 kamfanonin waje suka janye. Ginin masana'anta yana nan, ma'aikata suna nan, amma wasu sassan cikin boris ɗin da robar da ke like shi da giris na musamman daga waje ake kawo su. Dubban taragu suka tsaya a wuraren gyara suna jira. Daga baya an cike giɓin da kayan ƙasar Sin da na gida. Boris ba tarago kaɗai ke cinsa ba; tanka da motar soja da injin jirgin sama duk suna neman mai kyau, don haka farar hula da soja rububin abu ɗaya suke yi.

Kan jirgi ma bai tsira ba. A Mayu 2022 kamfanin Siemens na Jamus ya sanar da ficewarsa daga Rasha. Shi ya ƙera jiragen Sapsan masu gudu da ke zirga-zirga tsakanin Mosko da San Pitasbag tun Disamba 2009, a lokacin shi ke kula da gyaransu, kuma yana da hannu a masana'antar Ural da ke ƙera jiragen Lastochka da kawunan jirgi masu aiki da lantarki. RZD ya karɓi gyaran da kansa, kuma a ƙarshen 2023 aka fito da jirgin Finist, wanda aka ƙera da kayan da ba na Siemens ba. An samu mafita ke nan, sai dai kan jirgin da ya shiga gyara yakan daɗe bai fito ba saboda jiran kaya.

A ɓangaren makamai

A Agusta 2022 cibiyar nazarin tsaro ta RUSI da ke Landan ta fitar da sakamakon binciken makaman Rasha 27 da aka samu a Yukren, aka kwance su. An tarar da sassa fiye da 450 ƙirar ƙasashen waje a cikinsu, akasari ƙananan ƙwaƙwalen lantarki na kamfanonin Amurka. Yawancinsu ba kayan sirri ba ne, irin waɗanda ake sa wa na'urorin kasuwa ne, shi ya sa toshe hanyarsu ke da wuya. Tun Maris 2022 gwamnatin Rasha ta halatta shigo da kaya ba da izinin mai ƙera su ba, sai fataucin ya koma bi ta Sin da Hong Kong da Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kazakistan. Kowane ɗan tsakiya da ladansa, kuma bayan umarnin da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Disamba 2023, wanda ke barazana ga bankunan waje masu taimaka wa wannan ciniki, biyan kuɗi ma ya zama aiki.

Inda takunkumi ya fi cizo shi ne kayan da ba a iya ɓoyewa a jaka. Injunan sassaƙa ƙarfe masu aiki da kwamfuta, waɗanda ake fafe bakin igwa da sassan injin da su, da yawa daga Jamus da Japan suka zo. Masana'antar DMG Mori, kamfanin Jamus da Japan mai ƙera irin waɗannan injuna, da ke Ulyanovsk ta tsaya, gwamnati ta karɓe ta a Fabrairu 2024. Jami'an Amurka sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na injunan sassaƙa ƙarfe da Rasha ta shigo da su a wata ukun ƙarshe na 2023, da kashi 90 na ƙananan kayan lantarki da ta shigo da su a shekarar, daga Sin suka fito. Na'urar ganin dare ta kamfanin Thales na Faransa, da ake sa wa tankoki a baya, ita ma ta yanke, aka ga wasu tankokin da aka gyara ɗauke da na'ura mai gajeren hange.

Mafi yawan tankokin da aka tura fage tsofaffi ne da aka janyo daga ma'ajiyar Sobiyet aka yi musu kwaskwarima, har da T-62 da T-55 na shekarun 1950 da 1960. Rumbu ne ake ci, kuma rumbu yana da ƙasa. Sauran giɓin aka cike da taimakon waje: jirage marasa matuƙa samfurin Shahed-136 na Iran, da yanzu ake haɗawa a Alabuga ta yankin Tatarstan na Rasha da sunan Geran-2, da harsasan igwa na Koriya ta Arewa da ake saukewa a gabas mai nisa, jirgin ƙasa ya ratsa Saiberiya da su. Masu sayen makaman Rasha sun ji a jikinsu: Indiya ta yi odar rukuni biyar na makaman kare sararin sama samfurin S-400 a 2018, uku suka iso zuwa 2023, sauran aka ɗage. Cibiyar SIPRI ta Suwidin, mai bin diddigin cinikin makamai, ta ce makaman da Rasha ke fitarwa sun ragu da kashi 64 cikin 100 tsakanin 2015–2019 da 2020–2024.

Cunkoso a gabas

Da Tarayyar Turai ta daina sayen kwal ɗin Rasha a Agusta 2022, kayan da a da ke tafiya yamma suka juya gabas. Layi biyu ne kawai ke kaiwa can: babban layin Saiberiya mai kilomita 9,289, da layin Baikal zuwa Amur, wato BAM, mai kimanin kilomita 4,300, wanda dogon zangonsa layi ɗaya ne tal. Kwal da katako da taki da kwantenoni da jiragen ƙasan soja duk nan suke layi, kuma na soja ke fara wucewa. Tafiya ta ƙara tsawo, tarago yana daɗewa kafin ya dawo, ƙafa da boris suna saurin ci. A ƙarshen Nuwamba 2023 wani jirgin ƙasa ɗauke da mai ya kama da wuta a ramin Severomuysky na BAM mai tsawon kilomita 15, harin da aka danganta da hukumar tsaron Yukren. Kafin nan, fashewar 8 ga Oktoba 2022 ta lalata layin dogon gadar Kirimiya.

Mutane da kuɗi

Kiran mutum 300,000 zuwa soja a Satumba 2022, da albashi mai tsoka da soja da masana'antun makamai ke biya, sun janye direbobi da mataimakansu da masu gyaran layi. Rashin aikin yi ya sauka zuwa kashi 2.3 cikin 100 a ƙarshen 2024, wato ba sauran hannu a kasuwa. A Oktoba na shekarar babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 21, abin da ya yi wa RZD nauyi domin da bashi yake faɗaɗa layi. Kayan da ya ɗauka sun sauka daga kusan tan biliyan 1.28 a 2021 zuwa biliyan 1.18 a 2024. A 2025 kasafin tsaro ya kai rubul (kuɗin Rasha) tiriliyan 13.5, kusan sulusin kasafin tarayya, a shekarar da aka zaftare kuɗin ayyukan RZD daga kusan tiriliyan 1.3 zuwa kimanin biliyan 890, aka jinkirta wani ɓangare na faɗaɗa layin gabas da sayen sababbin kawunan jirgi.