Sauye-sauyen mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa a sikizofireniya da ciwon mantuwa

Sikizofireniya nau'in taɓin hankali ce da galibi ke bayyana a ƙarshen samartaka, inda mai ita kan ji muryoyin da ba wanda ya yi su, ya riƙe zato marar tushe, tunaninsa ya warwatse. Ciwon mantuwa, wanda likitoci ke kira dimenshiya, yawanci na tsufa ne, kuma cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55, masu sikizofireniya kuwa kusan miliyan 24. Abin da ya haɗa cututtukan biyu a wurin masu bincike shi ne sinafs ko mahaɗa, wato ɗan tazarar da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar'uwarta, inda ɗaya ke sakin sinadari ɗayar ta karɓa.

Tarihi

Da farko suna ɗaya ne ya rataya a kansu. A shekarun 1890 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Jamus Emil Kraepelin ya tattara wasu alamun rashin lafiyar matasa ƙarƙashin sunan Latin dementia praecox, ma'ana lalacewar hankali tun da wuri. Marubuta sun bambanta kan shekarar, wasu na cewa 1893, wasu 1899. Eugen Bleuler na ƙasar Siwizalan bai gamsu da sunan ba, domin ba duk majinyatan ne ke ci gaba da lalacewa ba, don haka a 1908 ya kawo kalmar sikizofireniya.

A tsakanin nan, Alois Alzheimer ya duba wata mata 'yar shekara 51 a Frankfurt a 1901. Bayan rasuwarta a 1906 ya rina ƙwaƙwalwarta da sinadarin azurfa, ya ga dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya da zaruruwa a cukurkuɗe a cikinsu. A watan Nuwamba na shekarar ya gabatar da abin da ya gani a Tubingen, kuma Kraepelin, wanda Alzheimer ke aiki a ƙarƙashinsa a Munich, shi ya raɗa wa cutar sunansa a 1910.

Daga nan hanya ta rabu. Ita cutar Alzheimer tana barin tabo da madubin likita ke nunawa ƙarara. Sikizofireniya kuwa an shafe fiye da rabin ƙarni ana yanka ƙwaƙwalen mamata ba a sami abin kamawa ba, har a 1972 likitan jijiyoyi Fred Plum ya kira ta maƙabartar masu wannan bincike. Sai a 1976 Eve Johnstone da Tim Crow a Ingila suka nuna da hoton na'ura cewa kogwannin ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa sun fi faɗi a wasu majinyatan.

Sikizofireniya

Bayanin farko daga magani ya fito. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada kuloforomazin a Faris, ya kwantar da ruɗani da jin muryoyi, alhali ba wanda ya san dalili. Aikin Arvid Carlsson na 1963 ya karkata hankali ga dofamin, ɗaya daga sinadaran da ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da su, a tsakiyar shekarun 1970 kuma aka gano cewa ƙarfin irin waɗannan magunguna yana tafiya daidai da yadda suke toshe makarɓar dofamin mai suna D2. Sai dai dofamin bai bayyana janyewa daga mutane da raunin tunani ba, kuma su ne suka fi daɗewa da majinyaci. An koma kan gulutamet, wani sinadarin aika saƙo, bayan an lura maganin ketamin, mai toshe makarɓar gulutamet mai suna NMDA, yana haifar wa lafiyayye alamu masu kama da na cutar.

Ƙwayoyin jijiya ba sa mutuwa da yawa a sikizofireniya. Abin da ke raguwa shi ne 'yan ƙayoyin da ke kan rassansu, inda saƙo ke sauka, musamman a shimfiɗa ta uku ta ɓawon gaban ƙwaƙwalwa. Haka kuma ƙwayoyin da ke taka wa maƙwabtansu birki da sinadarin GABA suna yin rauni. A 1982 Irwin Feinberg ya danganta hakan da sassaben mahaɗai da ƙwaƙwalwa ke yi a lokacin balaga, yana ganin a wasu mutane aikin kan kauce hanya. Hasashen ya daɗe ba hujja, sai a 2016 masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna cewa nau'o'in ƙwayar gado ta C4 masu yawan aiki suna ƙara haɗarin cutar, kuma furotin ɗinta yana cikin masu sa wa mahaɗa alamar a cire ta. C4 ɗaya ce cikin ɗaruruwa: binciken 2014 ya gano wurare 108 a jerin gado, na 2022 ya kai 287.

Cutar Alzheimer

George Glenner da Caine Wong ne suka ware furotin amiloyid-bita a 1984, wanda shi ne jigon dunƙulen da Alzheimer ya gani. Wajen 1986 aka tabbatar zaruruwan na furotin tau ne. Aikin tau shi ne riƙe 'yan bututun da kaya ke bi a cikin ƙwayar jijiya, idan fosfet ya yi masa yawa sai ya saki bututun ya murɗe. Ƙwayar gadon da amiloyid ke fitowa daga gare ta tana kan kuromosom na 21, shi ya sa masu larurar Down kan kamu da wuri. A 1993 aka gano nau'in ƙwayar gado mai suna APOE4 yana ƙara haɗari. Heiko da Eva Braak sun nuna a 1991 cewa tau kan fara daga yankin da ke kusa da hifokamfus, ma'ajiyar sabon tunani, kafin ya bazu.

A 1991 ɗin dai Robert Terry da abokan aikinsa suka ruwaito cewa yawan mahaɗan da suka ɓace ya fi yawan dunƙule nuna zurfin mantuwa. Akwai tsofaffi masu dunƙule da yawa da hankalinsu bai taɓu ba. Ra'ayin da John Hardy da Gerald Higgins suka tsara a 1992, cewa amiloyid ne mafari, har yanzu ana jayayya a kansa.

Sauran nau'o'in mantuwa

A mantuwa mai ƙullutun Lewy furotin alfa-sinukilin ne ke taruwa, a mai taɓa gaba da gefen ƙwaƙwalwa kuwa tau ko TDP-43.

Inda suka haɗu

A 2016 gwaji a kan ɓeraye ya nuna maikurogiliya, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, suna cinye mahaɗai tun farkon cutar Alzheimer ta hanyar tsarin furotin ɗin da C4 ke ciki. Yadda wannan ya shafi ɗan Adam ana kan bincikensa.

Magani

Donefezil yana hana rushewar asetilkolin, sinadarin da tun 1976 aka san yana ƙaranci a cutar Alzheimer. Lekanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, yana kwashe amiloyid, amma kaɗan yake rage saurin cutar. Zanomelin, wanda aka fara gwadawa don masu Alzheimer a shekarun 1990, an haɗa shi da turosfiyam aka amince da shi a 2024 don sikizofireniya, kuma ba ya toshe D2.