Wai kotu na da ikon soke dokar da majalisa ta yi?

Eh tana da shi a ƙasashe da yawa, amma fa ba don alƙali ya fi 'yan majalisa daraja ba. Kundin tsarin mulki ne uban kowa, shi ya haifi majalisar, shi ya haifi kujerar shugaban ƙasa, shi ya haifi kotun ita kanta, to in doka ta ci karo da shi alƙali zai aje su gefe da gefe ya bi kundin, waccan kuma ta zama kamar ba a yi ta ba. Haka umarnin shugaba ko na minista.

Abin dariyar shi ne shari'ar da aka fi kafa hujja da ita, wanda ya kai ƙarar bai samu komai ba. A Amurka ne, 1803. Shugaba John Adams ya naɗa wani William Marbury ƙaramin alƙali ana gab da saukarsa daga mulki, takardar naɗin bata kai hannunsa ba, sabuwar gwamnatin Jefferson ta zo sakataren harkokin wajenta James Madison ya ƙi bayarwa, sai Marbury ya tafi kotun ƙoli kai tsaye. Alƙalin alƙalai John Marshall yace malam kana da gaskiya, takardar haƙƙinka ce, amma dokar 1789 da ta baka damar zuwa wajenmu kai tsaye ta saɓa wa kundi, don haka ba za mu yi aiki da ita ba. Kaga wayo, ya bar wa gwamnati takarda ɗaya ya ɗaukar wa kotu babban iko.

Kotu dai bata yawon farautar dokoki, galibi sai wanda abin ya shafa ya shigar da ƙara. Kuma sau da yawa sashen da ya saɓa kawai ake cirewa, sauran dokar na nan.

Indiya ma ta wuce nan, a 1973 kotun ƙolinta tace ko gyaran kundin majalisa za ta yi, bata isa ta rushe ginshiƙansa ba. Birtaniya kuwa akasin haka ne, majalisa ce sama, alƙali baya soke dokarta. Amma gwamnati bata tsira ba, a 2019 da firaminista Boris Johnson ya rufe majalisa na sati biyar kotun ƙoli tace rufewar haramtacciya ce, washegari 'yan majalisa suka koma zama.