Me ake nufi da "murar tsuntsaye"?

Da zarar ɗari ya shigo kaji suka fara faɗuwa a unguwannin Tahoua, sai kalmar ta cika gidajen rediyo. Kaza ta mutu, murar tsuntsaye. Yaro ya tsinci kurciya a gindin bedi, murar tsuntsaye.

Alhali sunan na cuta guda ne, kuma ɗaya daga cikin nau'o'inta masu tsananin kisa shi ne H5N1. A Nijar an fara tabbatar da ita a watan Fabrairun 2006, a jikin agwagin gida a Magarya. Ba a gane ta da ido, sai an kai jini ko majinar tsuntsun ɗakin gwaji, domin alamominta kusan ɗaya ne da na ciwon Newcastle, wanda ya saba share kajin gida lokacin ɗari, yana kuma da rigakafi mai araha. Duk mai gabatar da shiri da ya haɗa su biyun, ya sa mai kaji ya sallama wa abin da allura za ta tare.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda gawar tsuntsun daji guda ɗaya ke tayar da hankali, kamar dai tsuntsaye ba sa mutuwa sai da annoba. Kullum suna mutuwa, da yunwa, da ƙishirwar bazara, da tsufa, mu ne ba ma gani. Tsuntsun da ya ji jikinsa ba daɗi ɓoyewa yake yi cikin ƙaya ko kogon icce, kuma galibi kafin ciwon ya gama da shi shaho ko mussa sun riga. Wanda ya faɗi ƙasa ba ya daɗewa. Hankaka, shirwa ko kare zai ɗauke, in sun bar shi ƙuda su yi ƙwai, tsutsa da tururuwa su cinye naman cikin ƴan kwanaki, da zafin nan namu ma ya fi sauri. Ƙashin siriri ne, da yawansa fanko, nan da nan yake rugujewa, iska ta watsa gashin. Saboda haka kurciyar da yaron ya tsinta, masu sharar ne kawai ba su iso ba.

Abin tsoro shi ne gawa ta fi ƙarfinsu, a ga goma, ashirin, wuri ɗaya lokaci ɗaya. Haka aka yi a gandun Djoudj na Senegal a Janairun 2021, inda aka tarar da kwasakwasa kusan 750 a mace, gwaji ya nuna H5N1. In aka ga irin wannan a bakin tabkin Tabalak, inda agwagin ruwa masu zuwa daga Turai ke sauka, kada a taɓa, balle a kai kasuwa, a kira ma'aikatan kiwo. Ko a nan ma kada a yi saurin raɗa suna, don guba da maganin feshin jan-baki su ma suna zubar da tsuntsaye haka.